IN HOTO YA HAU KAN HOTO: CIWON TSOFAFFIN KYAMARORI DA MAGANINSA

Duk wanda ya tashi a Zangon Paraku ko Zangon Jugu kafin zuwan wayar hannu, ya san irin ƙimar da mai ɗaukar hoto yake da ita a cikin jama'a. Ranar Salla, ranar suna, ranar ɗaurin aure, ranar da alhazai za su tashi da ranar da za su dawo, ranar saukar karatu, har ranar hawan Gani, duk sai an aika a kira mai hoto. Zai zo rataye da wani baƙin akwati mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya riƙe shi daidai cibiya, ya sunkuya yana leƙen samansa kamar mai duba rijiya, sa'an nan ya ce kowa ya tsaya cik. Yawancin hotunan kakanninmu da ke rataye a zaure, ko suke kwance a ƙasan adaka, daga cikin irin wannan akwati suka fito.

A yau waɗannan kyamarori suna nan a gidaje da dama, 'ya'ya da jikoki sun gaje su. A ƙasashen waje kuwa ɗauka da fim ta sake samun masoya, har kamfanoni irin su Kodak da Ilford da Foma suna ci gaba da yin fim ɗin da waɗannan kyamarori suke ci. To amma wanda ya ciro kyamarar mahaifinsa ya kakkaɓe ta ya sa mata fim, sau da yawa abin da yake fara cin karo da shi shi ne, in an wanko fim ɗin, sai ya ga hoto ya hau kan hoto: ƙafar ango a kan rawanin liman, ko kuwa hoto na ƙarshe ya guntule rabi. Wannan matsala ita ce za mu duba a wannan wata, mu ga abin da ke kawo ta, da abin da mutum zai iya yi da hannunsa, da kuma inda ya kamata ya tsaya ya nemi gwani.

FIM MAI LAMBA 120

Kamfanin Kodak na Amurka ne ya fito da wannan fim a shekarar 1901, domin wata ƙaramar kyamara mai suna Brownie. Faɗinsa kamar santimita 6 ne, tsawonsa kuwa ya ɗan haura santimita 80. Ba a cikin gwangwani yake zuwa ba kamar ƙaramin fim mai milimita 35. Ana naɗe shi ne a kan kwarkwaro, wanda masu hoto a nan suke kira bobin, tare da wata doguwar takarda da ke bayansa tana kare shi daga haske. An manne kan fim ɗin da takardar da ɗan salatif a wuri ɗaya tak, daga farko. A bayan takardar kuma an buga jerin lambobi, da wata doguwar kibiya mai nuna mafari.

Yawan hotunan da fim ɗaya yake bayarwa ya danganta ga kyamarar. Mai yin hoto murabba'i, wato 6 da 6, tana ba da 12. Mai 6 da 7 tana ba da 10, mai 6 da 9 tana ba da 8, mai 6 da 4.5 kuwa tana ba da 15 ko 16. Dalilin da ya sa masu shagon hoto suka so shi, girmansa ne. Dodon hoto na 6 da 6, wanda da Faransanci ake ce wa kilishe, ko da yake ba ya ciwuwa, faɗinsa milimita 56 ne ta kowane gefe, alhali na ƙaramin fim 24 ne da 36. In ka buga lissafi za ka ga babban ya ninka ƙaramin fiye da sau uku da rabi. Shi ya sa a tsofaffin hotunan nan har aikin allurar da ke wuyan babbar riga kana iya ƙirgawa.

Manyan masu hoto na yankinmu sun yi aiki da irin wannan fim. Akwai Malick Sidibé na Bamako, wanda ya rasu a 2016, ya kuma karɓi babbar lambar yabo ta birnin Banis na Italiya a 2007. Shi ban da ɗauka, ya yi suna wajen gyaran kyamarori, shagonsa na unguwar Bagadaji cike yake da su. Akwai Sanlé Sory na Bobo Julaso a Burkina Faso, da Philippe Koudjina wanda aka haifa a Kwatano a 1940, ya yi aikinsa a Yamai. Kyamarorin da suka yi tashe su ne Rolleiflex ta Jamus, wadda ta fara fitowa a 1929, da Yashica da Mamiya na Japan, da Lubitel ta Rasha, da Seagull ta Sin.

INDA GIZO KE SAƘAR

Ƙaramin fim mai milimita 35 yana da huji-huji a gefensa biyu, kyamara tana ƙirga huji takwas ta tsaya, saboda haka da wuya ta yi kuskure. Shi fim 120 ba shi da huji ko ɗaya. Kenan dole kyamara ta nemi wata dabara da za ta san ta ja daidai tsawon hoto guda.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji shida. Hoto 12, kowane milimita 56, ya kama milimita 672, wato santimita 67 da 'yan kai. Abin da ya rage a fim ɗin bai wuce kamar santimita 15 ba, kuma daga ciki za a fid da kai da wutsiya da kuma tazara goma sha ɗaya da ke tsakanin hotuna. Ka ga ke nan kowace tazara 'yan milimita ce kawai. In kyamara ta rage ja kaɗan, hoto ya hau kan ɗan uwansa. In ta zarce kaɗan, fim ya ƙare kafin a kai na 12.

Akwai kuma wani abu da duk macen da ta taɓa kaɗi da mazari ta sani: zare yana ƙara taruwa, juyi ɗaya yana ƙara cin zare. Haka kwarkwaron da ke karɓar fim yake. Da farko siriri ne, juyi ɗaya bai fi ya ja santimita huɗu ba, amma in ya kusa cika, juyi ɗaya yana jan kusan bakwai. Saboda haka ba zai yiwu a ce juyi kaza shi ne hoto ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Masu ƙera kyamara sun bi hanya uku wajen warware wannan, kuma sanin wace hanya taka ta bi shi ne rabin magani.

Hanya ta farko ita ce jar taga. A bayan kyamarar akwai 'yar taga mai jan gilashi, kana murzawa kana leƙe har lamba ta gaba ta bayyana. Lubitel da wasu Seagull haka suke. A nan idonka ne ma'auni.

Hanya ta biyu ita ce 'yar taya mai aune. Fim ko takardarsa yana gogar wata 'yar taya, sau da yawa mai haƙora, ita kuma tana juyawa tana auna tsawon da ya wuce, in ya kai sai ta kulle hannun naɗi. Yashica Mat tana cikin wannan rukuni.

Hanya ta uku ita ce ƙirga juyi. Kyamara tana rage yawan juyin kwarkwaro kaɗan-kaɗan daga hoto zuwa hoto, bisa zaton kaurin fim da takarda kaza ne. Kiev 60, wadda aka ƙera a masana'antar Arsenal ta birnin Kiyef, ita ce ta fi yin ƙaurin suna a nan.

KARANTA FIM KAMAR ALLO

Kada ka yarda a yanka maka fim kafin ka gan shi. Ka ce da mai wanki ya ba ka shi a tsawonsa, ka rataye shi a bakin taga, ka ɗauki rula ka auna tazarar da ke tsakanin kowane hoto da na kusa da shi, ka rubuta a takarda daga 1 zuwa 12. Fim ɗin da kansa zai gaya maka inda ciwon yake.

In tazarar duk daidai take, amma hoto na farko ya faɗa kan salatif, ko na ƙarshe ya guntule, to kyamarar lafiya lau take, wajen sa fim aka yi kuskure. Kafin ka rufe murfi dole ka murza har kibiyar da ke jikin takarda ta zo daidai da alamar da ke cikin kyamarar. In ka tsaya kafin alamar, na farko ya lalace. In ka wuce ta, na ƙarshe ya tafi. Yashica Mat-124G, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1970 zuwa 1986, alama biyu gare ta, ɗaya ta fim 120, ɗaya ta fim 220. Shi 220 ya fito ne a 1965, ya ninka 120 tsawo, yana ba da hoto 24, kuma ba shi da takarda a bayansa sai a kai da wutsiya. Manyan kamfanoni sun daina yinsa, amma alamarsa tana nan tana ruɗa mutane. Haka kuma farantin da ke danne fim a jikin murfi ana tura shi ne zuwa 12 ko 24. Ka tabbata yana kan 12.

Rolleiflex irin wadda ake kira Automat, da ta fara fitowa a 1937, ba ta bukatar kibiya. Tana da 'yan sanduna biyu masu juyawa a ƙasa, ana zura takarda ta tsakaninsu, su kuma in suka ji kaurin salatif ya wuce sai su ta da ƙidaya. Wanda ya manta ya bi da takardar ta saman sandar, zai yi ta murzawa hannu bai tsaya ba, har fim ya naɗe duka ba a ɗauki ko hoto ɗaya ba.

In kuwa kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da gwargwado ɗaya, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, kuma kyamarar mai jar taga ce, to lambobin da ba naka ba kake bi. A bayan takarda jeri uku ne na lamba: na 8, na 12, da na 16. Wasu kyamarori suna da taga biyu, da wani ɗan firam da ake sawa ciki don ƙanƙanta hoto. In ka cire firam ɗin kana yin 6 da 6, amma kana leƙa tagar 16, dole hotuna su hau juna.

In hotuna biyu suka zauna daram a kan gurbi ɗaya, wannan mantuwa ce, ba a murza ba aka sake ɗauka. Yawancin masu jar taga ba su da abin da zai hana ka. Maganinsa shi ne ka ɗora wa kanka doka ɗaya: da ka danna, nan take ka murza. In kyamararka mai makulli ce amma ta bari aka ɗauka sau biyu, duba ko an taɓa ɗan maɓallin da ke ba da damar yin haka da gangan, don Mamiya da wasu Rolleiflex suna da shi.

In tazarar ta yi ƙanƙanta ƙwarai ko ta ɓace a kyamara mai ƙirga juyi, to laifin kauri ne. An ƙera ta ne da fim da takardar zamanin da, masu kauri, na yanzu kuwa sau da yawa sun fi su siranta, saboda haka kwarkwaro ba ya kumbura yadda aka zata, juyi ba ya jan abin da ya kamata. Dabarar da masu irin wannan kyamara suka daɗe suna yi ita ce su naɗa 'yar guntuwar tsohuwar takardar fim a jikin kwarkwaron da babu kome, su manne ta, don ya ɗan ƙara kauri tun daga farko. Ka fara da kaɗan, ka gwada, ka ƙara in da bukata.

In tazarar ba ta da tsari, nan faɗi nan ƙunci nan hawa, to 'yar tayar aune ce ke santsi, ko kuwa giris ɗin cikin ya daskare. A nan ne yanayin ƙasarmu yake shigowa. Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana shiga kowace kafa, ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar ƙullu. Zafin bazara yana narkar da giris ya gangara inda ba a so, daga baya ya bushe. Damina kuma tana kawo tsatsa a sifirin, tana sa takardar fim ta sha laima ta manne. Kyamarar da ta yi shekara talatin a adaka ta sha wannan zagaye sau talatin.

ABIN DA ZA KA YI DA HANNUNKA

Da farko ka koyi sa fim da tauri. Ka zura bakin takarda cikin tsagar kwarkwaro sosai, ka ga ya zauna a tsakiya bai karkace ba, sa'an nan ka ɗora babban yatsa a kan sabon fim ɗin kana ɗan danne shi yayin da kake murzawa, har takarda ta miƙe kamar fatar ganga. Fim ɗin da aka sa sako-sako yana naɗuwa ya yi ƙato, ya ɓata awo, kuma in ka ciro shi haske ya shiga ta gefe ya ƙona bakin hotuna. Ka yi wannan aiki a inuwa, kada ka yi shi a tsakar rana.

Na biyu, ka duba kwarkwaron karɓa. In tsagar da ke kansa, inda maƙullin naɗi yake shiga, ta cinye ko ta fashe, to hannu zai riƙa juyawa shi bai juya ba. Ka canza shi. Duk fim ɗin da ka gama yana bar maka sabo.

Na uku, ka murza hannu a hankali, tafiya ɗaya har ya tsaya, ka mai da shi da hannunka. Kada ka fizge, kada kuma ka sake shi ya koma da kansa da ƙarfi. Pentacon Six ta tsohuwar Jamus ta Gabas ta shahara da lalacewa ta wannan hanya. In hannu ya cije, ka tsaya. Ƙarfi ba ya buɗe shi, sai dai ya karya haƙoran da ba za ka sami irinsu a kasuwar Arzeke ba.

Na huɗu, ka buɗe murfi ka taɓa 'yar tayar aune da yatsa. Ya kamata ta juya ba gardama, in ka danna ta kuma ta dawo. Ka share haƙoranta da busasshen tsohon buroshin haƙori. Sandunan da fim ke bi ta kansu kuwa ka goge su da auduga mai ɗan danshin sifirit, ba mai ɗiga ba.

Abin da ba za ka yi ba kuma shi ne zuba mai. Man keken ɗinki, man gyaɗa, man kaɗe, kalanzir, duk guba ne ga kyamara. Mai yana bin ƙarfe ya isa ganyen da ke buɗe ido, ya manne su, ka tashi daga ciwo ɗaya ka koma biyu. In duk ka yi abin da muka lissafa ciwon bai tafi ba, to aikin ya zama na buɗe gefe, a wanke tsohon giris a sa sabo. Ka nemi tsohon mai hoto da ya saba da irinta, ko mai gyaran agogo mai haƙuri, kuma ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinta kafin ka miƙa masa. Da tsohuwar zuma ake magani.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Mai karatu, aure da suna sau ɗaya ake yin su, ba a cewa liman ya maimaita don hoto ya lalace. Saboda haka kada ranar biki ta zama ranar gwaji. Ka sadaukar da fim ɗaya wanda ya riga ya lalace, ka riƙa sa shi kana murzawa kana ƙirga ko hannu ya tsaya sau 12, ka mai da shi kan kwarkwaronsa da hannu ka sake. In kyamararka irin wadda ake cire idonta ce, ka buɗe ta ka zana gefen kowane gurbi da fensir ta gaba, daga baya ka warware ka auna. In ba ta cirewa, ka ɗauki fim ɗaya mai araha na bangon gida da yaran unguwa, a wanke, ka auna. Dattawan sana'ar sun san zafin asarar fim, musamman bayan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi ya ninka. A yau fim ya fi wancan lokaci wuyar samu, don haka kowane gurbi cikin sha biyun nan dukiya ne.

In kuma aikin gama ya gama, hoto ya hau kan hoto, kada ka jefar. Tun da dodon babba ne, ana iya ɗaukarsa da na'ura a sa a kwamfuta, a yanke gefen da ya lalace, abin da ya rage ya isa a buga hoto mai kyau. Sai dai ka yi yankan da almakashi da kanka, kada ka ratsa ta tsakiyar inda suka haɗu, ka bar su biyun tare.

AMANAR DA KE CIKIN ADAKA

Jugu tsohon zango ne a kan hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, Paraku kuma nan ne layin dogo mai kilomita 438 daga Kwatano ya tsaya, inda a da kayan Nijar suke sauka su hau mota. Kakanninmu da suka zauna a waɗannan garuruwa ba su bar mana littattafai da yawa game da kansu ba, amma sun bar fuskokinsu. Tun daga shekarun 1980, da injinan wanke hoto mai launi suka shigo, shagunan hoton baƙi da fari suka fara rufewa, daga baya wayar hannu ta ƙarasa sauran. An yi asarar kwalaye da yawa na dodon hoto, wasu gara ta ci, wasu an zubar. A Bamako kuwa, tun 1994 ake taron masu hoto na Afirka, inda irin waɗannan kwalaye suka zama abin da duniya take zuwa kallo. A nan gida ma sunan Joseph Moïse Agbodjélou na Porto-Novo ya wuce iyakar ƙasa saboda an adana aikinsa.

Don haka ina kira ga duk wanda ke da irin wannan gado a gida, ya raba fim da laima da zafi, ya sa kowane a ambulan takarda, ya kai wa tsofaffi su faɗi sunayen mutanen da ke ciki tun suna raye, ya rubuta da boko ko da ajami. In ya ji wani yana warin tsami, ya ware shi daga sauran, ya gaggauta ɗaukarsa a kwamfuta, don ya fara ruɓewa ke nan. Kyamarar kuma a fid da ita daga jakar fata lokacin damina, a riƙa murza hannunta ana dannawa ko sau ɗaya a wata, don zama wuri ɗaya shi ke kashe ta. Kada a yi saurin sayar wa mai yawon sayen tsofaffin kaya kafin a san abin da ake riƙe da shi. 'Yan uwana malaman makaranta kuma, ga darasin lissafi da na tarihi a cikin akwati ɗaya, sai mu kai shi aji yara su gani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.